Ranar da Ba a Buga Guduma Ba a Hove

A lokacin sanyin 1763 zuwa 1764 aka kawo wa James Watt wani ɗan ƙaramin injin tururi ya gyara. Na Jami'ar Glasgow ne, samfurin injin Newcomen da ake koyar da ɗalibai da shi. Ya gyara, amma da ya ɗan yi motsi sai tururi ya ƙare. Watt ya bi diddigi har ya gano dalili: a kowane bugu sai an sanyaya tulun injin da ruwa, a kuma sake zafafa shi, mafi yawan wahalar tana tafiya a banza. Daga nan ya fito da dabarar sanyaya tururin a wani mazubi daban, ya yi mata rajista a 1769. Injunan da suka juya masaƙun Ingila daga wannan ɗan abu suka samo asali.

To, mai kallon irin waɗannan ƙananan injuna a matsayin kayan wasan yara bai san su ba. Da su maƙera ke gwada dabara kafin su zuba ƙarfe, da su kamfani ke nuna wa mai saye abin da zai biya, da su almajiri ke nuna wa ubangidansa hannunsa ya nuna. Wasu manyan injunan an narkar da su tuntuni, ɗan samfurin kaɗai ya rage shaida.

Cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga tara su akwai Jonathan Minns, ɗan Ingila. A garin Hove, maƙwabcin Brighton, akwai tashar tura ruwa ta Goldstone da aka gina a 1866. Da aka daina aiki da ita aka yi niyyar rushe ta a 1971, Minns ya tsaya kai da fata. Ya karɓi hayar ginin, ya tada ɗaya daga manyan injunanta, ya zuba tarinsa a ciki, aka buɗe wa jama'a a 1976. Daga baya aka san wurin da British Engineerium. Ba kallo kawai ake zuwa yi ba, har gyaran tsofaffin injuna ake koyarwa.

Sai dai gidan tarihi ba ya cin yabo. Kuɗi suka yi ta ƙaranci, a 2006 aka rufe ƙofa, aka miƙa kayan ga kamfanin gwanjo na Bonhams.

Gwanjo yana da nasa hankalin, kuma ba irin na mai tarawa ba ne. Mai tarawa ya ajiye wannan kusa da wancan don a ga yadda dabara ɗaya ta haifi wata. Dillali kuwa dole ya raba, ya liƙa wa kowanne lamba, domin a rarrabe kaya suka fi tsada. Galibi magada ke kawo irin wannan kaya bayan rasuwar mai shi, kuma ban ga laifinsu ba: wa zai riƙa shafa wa ɗaruruwan injuna mai don kada su yi tsatsa? Shi Minns da ransa da lafiyarsa aka liƙa wa aikin shekara talatin lambobi.

A watan Mayun 2006 masu saye suka hallara, wasu daga ƙasashen waje. Ana dab da farawa aka sanar da su cewa babu gwanjo. Wani attajirin yankin, Mike Holland, ya saye ginin da kayan gaba ɗaya, a kan kimanin fam miliyan 3. Kowa ya koma hannu rabbana.

Kayan ba su watse ba a ranar, amma gidan bai koma yadda yake ba. Gyara ya ja shekaru, ba a buɗewa sai jefi-jefi. Minns ya rasu a 2013, ba a kai ga buɗe shi kullum ba.