Wayar Salula da Kasuwanci a Gaya: Aikin Gwamnati, Aikin Kamfani, Aikin Mai Waya

Gabatarwa

Garin Gaya yana kudancin jahar Doso, a bakin kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara. Tsakaninsa da Doso kimanin kilomita 150 ne. A ƙetaren kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin. Daga gabas kuma akwai Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Waɗannan garuruwa uku sun daɗe suna cin kasuwar juna. Masara da gero, albasa da garin rogo, shinkafa da gwanjo da gishirin Foga, duk suna kai da kawowa a tsakaninsu.

A yau da wuya a ƙulla ciniki a wannan yanki ba tare da wayar salula ba. Da ita ake tambayar farashi, da ita ake neman mota, da ita ake aika kuɗi. To amma wayar da ke cikin aljihunka ba ita kaɗai take aiki ba. Hannu uku ne ke riƙe da ita: gwamnati mai kafa doka, kamfani mai neman riba, da kai mai biyan kuɗi. Wannan bayani zai nuna aikin kowanne, domin mai karatu ya san inda kuɗinsa ke tafiya, ya kuma san yadda zai tsare dukiyarsa.

Yaya magana take tafiya a cikin waya?

Idan ka yi kira, wayarka tana aika muryarka ta iska zuwa eriya mafi kusa, wato dogon ƙarfen nan da kamfani ya kafa. Daga nan maganar ta bi waɗansu eriyoyi, ko kuwa ta bi wata igiya ta musamman da ake binnewa a ƙasa, mai ɗauke da saƙo ta hanyar haske. Irin wannan igiya ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Gaya, ta shiga Benin. A Kotonu ta haɗu da babbar igiyar da ke kwance a ƙarƙashin teku. Nijar ba ta da bakin teku, saboda haka intanet ɗinta yana ratsa ƙasashen maƙwabta. A watan Yuli na 2009 igiyar teku mai suna SAT-3 ta sami matsala a ɓangaren Benin, sai intanet ya yi rauni ƙwarai a Benin da Togo da Nijar da Najeriya.

Eriya kuma ba ta aiki sai da wuta. Shekaru da yawa mafi yawan lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. A farkon Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido da ita ba sai a Maris na 2024. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, dole kamfani ya ƙona gazuwal a inji ko ya dogara da hasken rana, mai waya kuma ya biya mai cajin batir.

Yadda salula ta shigo Nijar

A dā kamfani ɗaya ne ke da waya a ƙasar, wato Sonitel, mallakar gwamnati. Wayar gida ce mai igiya, kuma ba kowa ke da ita ba. A shekarar 1999 gwamnati ta sake doka, ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu, ta kuma kafa hukumar da za ta riƙa sa musu ido. Ga yadda abin ya biyo baya:

- A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki. A 2008 ya koma Zain, a 2010 ya koma Airtel.
- A ƙarshen 2001 aka sayar da fiye da rabin hannun jarin Sonitel ga haɗin gwiwar masu jari na Sin da Libiya. A 2012 kamfanin ya koma hannun gwamnati. A 2016 aka haɗe shi da Sahelcom, suka zama Niger Telecom.
- Kamfanin Telecel ya koma Moov, wanda ake kira Moov Africa tun 2021.
- A 2008 Orange na Faransa ya fara aiki. A 2019 ya sayar da reshensa na Nijar, wanda ya koma Zamani Telecom.
- A 2025 aka ƙaddamar da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam.

Abin lura a nan shi ne, suna yakan canja saboda an sayar da kamfani ga wani mai jari. Lambar mai waya tana nan, amma wanda ke cin riba ya canja.

Aikin gwamnati

*Ba da lasisi.* Zangon iska da waya ke bi dukiyar ƙasa ce, kamar yadda kowane gidan rediyo yake da nasa zango. Babu kamfanin da zai yi aiki da shi sai ya sayi izini daga gwamnati, na shekaru ƙayyadaddu. A cikin takardar izinin akwai sharuɗɗa: garuruwan da zai kai wa layi, da ingancin aikin da zai yi.

*Sa ido.* Hukumar da ke wannan aiki ta soma da sunan ARM, ta koma ARTP a 2012, ta koma ARCEP a 2018. Ita ke raba lambobi da zango. Ita ke auna ingancin kira. Tana da ikon cin kamfani tara idan ya saɓa sharuɗɗa, kuma tana karɓar koken masu waya.

*Karɓar haraji.* A cikin kuɗin katin da kake saye akwai rabon baitulmali. An kuma kafa haraji na musamman a kan kiran da ke shigowa daga ƙasashen waje. An soke shi a kasafin 2018, aka maido da shi a 2019. A ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange da Airtel a Yamai na ɗan lokaci, saboda saɓani a kan haraji. Gwamnati tana buƙatar kuɗi domin makarantu da asibitoci. Kamfanoni kuma suna cewa haraji mai nauyi yana hana su faɗaɗa aiki. Ko yaya aka yanke, wani kaso na nauyin yana sauka a kan mai sayen kati.

*Rajistar layi.* Doka ta wajabta a rubuta kowane layi da sunan mai shi. A watan Nuwamba na 2013 an rufe layuka kimanin miliyan 1 da dubu 700 a Nijar saboda ba a yi musu rajista ba. Najeriya ma, tun Disamba na 2020, ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa da ake kira NIN.

*Rufe layi.* Gwamnati tana iya ba kamfanoni umarnin tsayar da aiki. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar har kwana 10 ko kusa da haka. A Satumba na wannan shekarar Najeriya ta rufe layuka a jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro. Wanda duk cinikinsa ya rataya ga waya, a irin wannan rana yakan tsaya cik.

Aikin kamfani

Kamfani ɗan kasuwa ne. Yana kafa eriya inda yake ganin zai mayar da kuɗinsa. Shi ya sa garuruwan da ke kan babban titi da manyan kasuwanni suka riga ƙauyuka samun layi. Domin rage wannan bambanci, doka ta sa kamfanoni su riƙa zuba wani kaso na kuɗin shigarsu a cikin asusu na musamman, wanda aka tanada domin kai sadarwa karkara.

Kamfani yana samun kuɗi ta hanya uku: kira, intanet, da ladan aika kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai dubban ƙananan masu sana'a: mai sayar da kati, mai gyaran waya, mai caji, da mai rumfar cirar kuɗi. Gasa tsakanin kamfanoni tana sauko da farashi. Amma tana kawo garaɓasa iri-iri masu sharuɗɗa, waɗanda wanda bai iya karatu ba yakan kasa ganewa.

Me waya ta canja a kasuwa?

Kafin zuwan salula, falke yakan ɗauki kaya ya tafi kasuwa mai nisa bisa jita-jita, ko bisa farashin da ya ji a rediyo kwanaki da suka wuce. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar a shekarun da salula ke yaɗuwa, daga 2001 zuwa 2006. A binciken da ta wallafa a 2010, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda layi ya isa. Dalili kuwa a fili yake: idan labari ya yi sauri, kaya sukan tafi inda ake buƙatarsu.

Ga misali na lissafi. A ce buhun masara jika 20 ne a Gaya. Ka kira Doso aka ce maka jika 24. Kuɗin mota da ɗauka da saukewa jika 3 ne a kan kowane buhu. Ribarka jika 1 ke nan. Idan kuwa aka ce maka jika 22, to tafiyar hasarar jika 1 ce a kan kowane buhu. Kira ɗaya ya hana ka wannan hasara.

Aika kuɗi

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce asusun waya na kamfanonin sadarwa, kamar Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. Ta biyu ita ce kamfanonin aika kuɗi na cikin gida, irin su Nita da Al Izza da Amana, masu rassa a tasha da kasuwa. Dukkansu suna ƙarƙashin dokokin babban bankin BCEAO, mai buga sefa. Dokarsa ta 2015 ta ce duk kuɗin da ke rubuce a cikin waya dole a sami kwatankwacinsu a ajiye a banki.

Nijar da Benin kuɗinsu ɗaya ne, don haka babu canji a tsakaninsu. Najeriya kuwa naira take kashewa, kuma darajar naira tana hawa tana sauka. Ta faɗi ƙwarai bayan Yuni na 2023. Mai ciniki da Kamba ya tambayi canjin ranar kafin ya yanke farashi.

Idan aka rufe iyaka

Daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris. Amma Nijar ta bar ɓangarenta na gadar a rufe a sauran 2024 da kuma 2025. Jama'a suka koma ƙetarawa da jirgin ruwa.

A wannan lokaci waya ta taimaka wajen sanin farashi, da jin lafiyar dangi, da biyan bashi daga nesa. Duk da haka waya ba ta ɗaukar buhu. Idan doka ta tsayar da mota, na'ura ba ta iya wucewa da kayan.

Abubuwan kiyayewa

1. Ka yi rajistar layi da katin shaidarka. Kada ka yi ajiyar kuɗi a layin da ke ɗauke da sunan wani.
2. Lambar sirri taka ce kai kaɗai. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta. Wanda ya kira ya ce ka ci kyauta, ya nemi lambar sirri ko kuɗin somin-taɓi, macuci ne.
3. Idan aka ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka mayar sai ka duba ragowar asusunka da kanka. Saƙon ƙarya yana kama da na gaskiya.
4. Kafin ka aika, ka karanta lamba sau biyu, ka tambayi ladan aikawa da na cirewa. Ka adana rasit ko saƙon shaida.
5. A bakin iyaka waya takan kama layin ƙasar maƙwabta ba da saninka ba, kuma kira a kansa yakan fi tsada. Ka duba sunan kamfanin da ya fito a fuskar waya.
6. Ka riƙe lambobin ƙasashe: Nijar 227, Benin 229, Najeriya 234. Tun 30 ga Nuwamba na 2024 lambobin Benin sun koma guda 10. Ana ƙara 01 a gaban tsohuwar lamba.
7. Ka rubuta muhimman lambobi da basussuka a littafi. Waya takan ɓata, takan faɗa ruwa.
8. Idan an cuce ka, ka fara kai kuka ga kamfani. In ba a share maka hawaye ba, ka kai ga hukumar ARCEP. Maganar zamba kuwa ta ƴan sanda ce ko jandarma.

Karatu shi ne mabuɗi

Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa saƙo. Ta haka sirrin cinikinsa ke fita. A 2009 da 2010 an gwada wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. A waɗansu azuzuwan yaƙi da jahilci an koya wa manya aiki da waya tare da karatu, a waɗansu kuma karatu kaɗai. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi, domin suna maimaita darasi a duk lokacin da suka rubuta saƙo ko suka danna lamba.

Saboda haka, ya kai mai koyo, namiji ko mace, ka mai da wayarka allo. Ka rubuta sunayen abokan cinikinka da hannunka. Ka karanta saƙon ragowar kuɗi da kanka. Abin da ya shige maka duhu ka tambayi malamin ajinku, domin matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne ayyuka biyar gwamnati take yi a sha'anin waya?
2. Me ya sa kamfani yake fara kafa eriya a gari kafin ƙauye?
3. Buhun albasa jika 15 ne a nan, jika 19 a wata kasuwa, kuɗin kai shi jika 2 da rabi. Nawa ce ribar buhu 10?
4. Me za ka yi idan baƙo ya kira ya nemi lambar sirrinka?