Tarihin Daidaita Ƙa'idojin Sadarwa Maras Waya

Duk wanda ya kafa na'urar rarraba intanet a gidansa, wato rauta, yakan ga wayar hannu ƙirar Sin da kwamfuta ƙirar Amurka sun kama ta ba tare da wata gardama ba. Wannan jituwa an daɗe ana fafutukar samunta, kuma sanin tarihinta zai amfani ɗalibi, haka nan ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayen kayan ofis.

Tushen al'amarin shi ne shawarar da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke a shekarar 1985, ta yardar wa jama'a su yi amfani da wasu zangunan rediyo, ciki har da na gigahaz 2.4, ba tare da lasisi ba. Nan da nan kamfanoni suka shiga ƙera na'urori, amma kowanne da mudunsa yake awo. Sakamakon haka, wanda ya sayi kayan kamfani guda ya ɗaure kansa ke nan, domin na wani ba za su yi magana da su ba. Don magance wannan ne ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa kwamitin 802.11 a shekarar 1990, a ƙarƙashin shugabancin Vic Hayes, mutumin Holan. Sai da aka shekara bakwai ana tattaunawa kafin ƙa'idar farko ta fito a 1997, gudunta kuwa bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba.

A shekarar 1999 aka fitar da ƙa'idoji biyu. Ta 802.11b tana aiki a zangon gigahaz 2.4 da gudun megabit 11, ita kuwa 802.11a tana zangon gigahaz 5 da gudun megabit 54. Duk da cewa kwamiti ɗaya ne ya haife su, ba sa jin juna, tun da zangonsu ya bambanta. Bugu da ƙari, ƙa'ida rubutu ce a takarda, kowane kamfani yana iya fassara ta yadda ya fahimta. Saboda haka a wannan shekara wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar da a 2002 ta koma Wi-Fi Alliance. Aikinta shi ne ta gwada na'urorin kamfanoni da juna, wadda ta ci jarrabawa a sa mata tambarin Wi-Fi. Wannan tambari ya sa masu saye suka saki jiki, har abokiyar hamayya, HomeRF, ta rushe a 2003. Ita ma gwamnatin Sin ta fito da tata ƙa'idar tsaro, WAPI, amma hukumar ISO ta ƙi karɓarta a 2006. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ƙa'idojin da suka biyo baya sun kiyaye darasin 1999. Ta 802.11g, a 2003, ta kai megabit 54 a zangon 2.4, kuma tana karɓar na'urorin b. Ta 802.11n, a 2009, ta haɗa zangunan biyu. Sai dai riƙon tsoho yana da farashi. Na'urori suna karɓa-karɓa ne a tasha guda, mai jinkiri kuwa takan daɗe kafin ta gama saƙonta, sauran suna jira, kamar ayarin da gurgun jaki ya yanke wa gudu.

Abin ya fi muni ta fuskar tsaro. Masana sun fasa makullin farko, WEP, a 2001, aka maye gurbinsa da WPA a 2003, da WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Mai gidan da ya bar rautarsa a kan WEP don ya lallashi wata tsohuwar na'ura, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai wucewa.

A taƙaice, abin da tarihin nan ya koyar shi ne, kafin a sayi rauta a duba zangunan da take ɗauka, da ƙa'idar na'urorin da ke gidan, da irin makullinta. Na'urar da ba ta iya ko da WPA2 ba, ya kamata a sallame ta.