Me Ya Sa Gidajen Caca Ke Jefar Da Kartar Sama?

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Amurka da aka nuna gidan caca a ciki zai iya lura da wata al'ada a wasan blackjack, wato wasan da kowa ke neman lambobin kartarsa su kusanci 21 ba tare da sun wuce ba. Bayan an cakuɗa karta an yanka, mai rabo ba ya ba kowa ta saman. Zare ta yake yi a kife, ya aje gefe, sannan ya fara rabo. Su a bakinsu wai an "ƙona" ta. Ni dai caca ba hanyata ba ce, kuma mun san hukuncinta a addini, amma tarihin wannan karta guda ɗaya ya ja hankalina ƙwarai.

Wasan ya tsufa, maguɗi a cikinsa ma haka. Marubucin nan na Sifen, Cervantes, a wani labarinsa da aka buga a 1613, ya ambaci wasan ashirin da ɗaya, kuma waɗanda suka iya shi a labarin wasu yara ne 'yan damfara da suka ƙware a cuta da karta. Daga baya wasan ya yi tashe a Faransa, ya tsallaka Amurka, inda jihar Nevada ta halatta caca a 1931.

To, me kartar sama ta yi? Laifinta shi ne ita ce wadda kowa ke ganin bayanta kafin ya zuba kuɗi. Mai wayo yakan yi wa manyan karta alama, ko ya ɗan lanƙwasa kusurwa, ko ya karce da farce, ko ya shafa wani abu da idonsa kaɗai ya san da shi. Wani ma ba ya buƙatar alama, hango fuskarta yake yi lokacin da ake cakuɗawa. Idan ka san babbar karta ce za ta fara faɗo maka, ai sai ka ninka kuɗinka. Da an jefar da ita, wannan sanin ya tashi a banza. Mu da muka tashi a kasuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a Mile 12 babu mai sayen da ke yarda da tumatirin saman kwando, sai ya tura hannu ƙasa. A zamanin da mai rabo ke riƙe kartar a hannu, yakan juya wadda aka ƙona ya sa ta a ƙarƙashi, don ta rufe ta ƙasan ita ma kada a hango ta.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan wasa kaɗai ake tsoro. A 1902 an buga wani littafi a Chicago da sunan S. W. Erdnase, wanda ya bayyana yadda mai rabo zai riƙe kartar sama ya riƙa zaro ta biyu ba tare da an gane ba. Irin wannan ƙonawa ba ta maganinsa, akwatin da ake zaro karta ɗai-ɗai daga cikinsa ne ya rage shi.

Wasu na cewa an ƙirƙiro al'adar ne don masu ƙirga karta. A ganina wannan bai zauna ba, domin ta riga su. Sai a 1962 Edward Thorp, malamin lissafi, ya fitar da littafinsa Beat the Dealer bayan ya yi gwaji da kwamfutar IBM, har gidajen cacar Las Vegas suka sauya dokoki a 1964, 'yan wasa suka ƙaurace, suka dawo da tsofaffin. Abin da ya fi takura wa masu ƙirga shi ne haɗa kwalin karta shida ko takwas wuri guda, da sake cakuɗawa tun ba a kai ƙarshe ba. Karta ɗaya da ba wanda ya gani kuwa, a lissafi daidai take da wadda ta rage a ƙasa ba a raba ba, ba ta ƙara wa kowa sa'a ba ta rage.

Idan kana son sanin kuɗin da bayan kartar sama zai iya kaiwa, dubi abin da ya faru a Landan a 2012. Phil Ivey, shahararren ɗan karta na Amurka, shi da abokiyar wasansa sun lura zanen bayan kartar gidan Crockfords bai daidaita a gefe biyu ba. Wasan punto banco suke yi, ɗan uwan wannan. Suka roƙi mai rabo ta riƙa juya musu wasu karta wai don sa'a, daga nan suna iya gane ko mai amfani ce ke bakin akwatin kafin su zuba kuɗi. Ya ci fam miliyan 7.7, gidan ya ƙi biya. Shari'a ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya, a 2017 ta yanke cewa abin da ya yi maguɗi ne, duk da cewa bai taɓa kartar da hannunsa ba.