Ɗan Jagora Mai Ƙafa Huɗu

A 2017 aiki ya kai ni Sudan, na yi mako uku ina kwana a Khartum ina wuni a Umdurman, inda gidan rediyon ƙasar yake tun 1940. Wata Juma'a da yamma, a kusa da ƙubbar Shehu Hamad al-Nil inda ake taron zikiri, na ji wani dattijo makaho yana cewa da yaron da ke jan sandarsa, "Sannu-sannu dai, ɗan nan." Jin Hausa ya sa na tsaya muka gaisa. Ya ce kakanninsa sun baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, zama ya kama su a hanya, kamar dubban 'yan'uwanmu da suka bi sawun Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903.

Na ce, "Baba, jikan naka yana zuwa makaranta kuwa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "In ya tafi, wa zai ja ni?"

Wannan amsar ce ta sa na shiga bin tarihin yadda wasu al'ummu suka ɗora wa kare aikin jagora.

Abin ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da iskar guba da ɓaraguzan bam suka makantar da dubban sojojin Jamus. A 1916 wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg. A 1927 wata Ba'amurkiya mazauniyar Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta labarin irin wannan makaranta da ta gani a Potsdam. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, shi kuwa ya yi tattaki har wurinta, ya koma Amurka a 1928 da karya mai suna Buddy. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye. Ingila ta fara a 1931, Afirka ta Kudu kuma a 1953 ta hannun Gladys Evans.

Sai dai masu horarwa sun gane cewa karen da ya tashi a keji bai san duniya ba. Ƙarar mota na firgita shi, cunkoson kasuwa na ruɗa shi. Daga nan aka ƙirƙiro raino na sa-kai. A Amurka an fara ba yaran ƙungiyar matasan karkara ta 4-H kwikwiyo a 1942, a Ingila kuma tsarin ya soma a 1956. Ana kawo maka kwikwiyo ɗan mako bakwai ko takwas, ka riƙe shi shekara guda da 'yan watanni. Ka koya masa zama, da jira, da kau da kai daga abincin da ya faɗi ƙasa. Ka shiga da shi motar haya da kanti da tasha. Ba a biyan ka ladan aiki. Ranar da ya isa, sai a zo a ɗauke shi zuwa horo na gaba, wanda a ciki har ƙin bin umarni ake koya masa idan maigidansa ya ce a tsallaka alhali mota na tafe. Ba duka ne ke cin jarrabawa ba.

Da na kawo wannan labari a shirina, wata mai sauraro ta bugo waya ta ce, "Malam, ai wannan riƙo ne." Gaskiyarta. Mun san ɗan riƙo, mun san wanda ake ba akuya kiwo, mun san zafin rabuwa da abin da ka raina. Inda gizo ke saƙa shi ne dabbar kanta.

A nan ma tarihi na da abin cewa. Mu da mutanen Sudan mazhabar Malikiyya muke bi, kuma a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne a karan-kansa, ko da yake an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai. Hadisi ya halatta ajiye shi domin farauta da kiwo da gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta yi zancen dabbar da aka horar. A 2008 malamai a Ingila suka ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Lesta damar zuwa masallaci da karensa, aka yi wa karen wurin jira a bakin ƙofa.

Ba na cewa gobe mu cika Kano ko Umdurman da karnukan jagora. A zamana na Sudan ban ga makaho ko ɗaya da kare ba, kuma dalilan a bayyane suke: horon na da tsada, titunanmu ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, ga karnukan bola da tsoron cizon mahaukacin kare. Farar sanda da makaranta irin Ma'ahadin Al-Nur na makafi da ke Bahri sun fi kusa da hannunmu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, abin da ke gaban mutanen Khartum ma tsira da rai ne.

Amma darasin da na ɗauka ba na kare kaɗai ba ne. Can, baligai ne suka yarda su ba da shekara guda daga rayuwarsu domin makahon da ba su taɓa gani ba. Nan kuwa, yaro ne ke ba da ƙuruciyarsa gaba ɗaya, kuma ba wanda ya tambaye shi. Idan unguwa za ta iya raba wa manyanta kwanakin gadi, za ta iya raba musu kwanakin raka makaho asibiti da masallaci, ɗan jagora ya samu ya ɗauki allonsa da jakarsa.

Duk sanda na karanta labarin Umdurman a iska, yaron nan ne ke faɗo mini a rai. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya sa yana raye, ya sa ya samu shiga aji.