Zumar da Ta Kayar da Sojojin Rumawa

Yau tarihi zai kai mu tsaunukan gaɓar Bahar Aswad, a arewacin Turkiyya ta yanzu, wurin wani ɗan itace da Turawa ke kira Rhododendron.

Bari na fara siffanta muku shi. Yakan yi cunkus ne kamar sabara, amma ya fi ta girma. Ganyensa dogo ne mai kauri da sheƙi, kusan kamar na mangwaro, kuma ba ya kaɗewa duk shekara. Furensa shunayya ne mai siffar mazurari, yana fitowa tari guda a ƙarshen reshe. Sanyi yake so, da danshi, da inuwa, da ƙasa mai tsami. Ko ka kawo shi Bebeji ko Kiru ka yi ta ban ruwa, zafin bazara zai gama da shi.

To ina tarihin? Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wata rundunar Girkawa 'yan haya, kimanin mutum 10,000, tana komawa gida daga yaƙi a daular Farisa. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Zenofon, ya rubuta cewa kusa da garin Trabzon sun tarar da amya birjik, suka far wa zuma. Wanda ya sha kaɗan ya zama kamar bugagge, wanda ya sha da yawa kamar mahaukaci. Ga amai, ga gudawa, ba mai iya miƙewa. Ba wanda ya mutu, amma sai a kwana na uku ko na huɗu suka tashi.

Sirrin shi ne ƙudan zuman wurin suna tsotsar wannan fure, shi kuwa yana ɗauke da dafin da ke rage bugun zuciya da ƙarfin jini. Har yau Turkawa na kiran ta "deli bal", wato mahaukaciyar zuma.

Bayan sama da shekara 300, sojojin Janar Pompey na Rum suka bi ta yankin. Marubuci Strabo ya ce mutanen tsaunin sun ajiye musu wannan zuma a kan hanya. Da suka sha hankalinsu ya gushe, sai aka faɗa musu, aka hallaka rukuni uku. Ka ji fa! Rumawa na da takubba da horo, mutanen tsauni kuwa sun san dajinsu. Ashe da gaske zuma da zaƙi da harbi.

Irin wannan rashin sani ya sake cin Ingila. A 1763 aka kai itacen can don ƙawata lambuna. Yau ya mamaye dazuka a Birtaniya da Ayalan, yana hana sauran tsirrai haske, ana ta kashe kuɗi wajen sare shi.

Yanzu mu dawo gida. Muna da dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Maharbanmu na da sun san kwankwani, da shi suke dafin kibiya. Tsofaffinmu sun san ɓawon maɗaci, sun san amfanin marke da taura, sun san itacen da za a rataya amya. Mu fa? Ni kaina, da digirina, ban iya bambance itatuwa 20 na dajin nan ba. Masu wannan ilmi suna ƙarewa, itatuwan kuma ana mai da su gawayi.

Don haka ga aikin wannan mako: ka zauna da wani dattijo a garinku, ka tambaye shi sunan itace 10 da amfaninsu da illarsu, ka rubuta, ka ɗauki hotonsu da wayarka. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.