Abin da Littafin Tarihin Faransa Ya Tsallake

A Faransa malami ba shi ke zaɓar abin da zai koyar a darasin tarihi ba. Ma'aikatar ilimi da ke Paris ce ke fitar da manhaja guda, kuma ita ɗan Marseille da ɗan Lille da ɗan tsibirin Martinik duk za su bi. Don haka in wani abu ya zube daga manhajar, ya zube ke nan daga kan miliyoyin yara a lokaci ɗaya. A yau 'yan siyasar ƙasar masu ra'ayin riƙau suna yawan kukan cewa kaffa-kaffar zamani, wato tsoron faɗin abin da zai sosa ran baƙi da 'yan tsiraru, ta cinye tarihin ƙasa a makaranta. Kukan nan yana da ɗan ƙanshin gaskiya, kuma zan zo kansa. Amma tsallake abin da ba shi da daɗin ji ya girme shi da shekara ɗari, kuma hukuma ce ta soma shi, da saninta.

Tushen abin yana cikin kayen da Faransa ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, inda ta rasa yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine. Waɗanda suka kafa sabuwar jamhuriya bayan nan sun ɗauka cewa ƙasar ta faɗi ne don talakanta bai san kansa a matsayin Bafaranshe ba. Manoma da yawa a lokacin ko Faransanci ba su ji sosai, yarensu na gida suke yi. A 1881 da 1882 minista Jules Ferry ya kawo dokokin da suka sa firamare ta zama kyauta kuma dole, aka raba ta da coci. Wani shehin malamin tarihi, Ernest Lavisse, ya rubuta ƙaramin littafin da aka yi ta bugawa ana sakewa, yara suna haddacewa har zuwa shekarun 1950. Lavisse bai ɓoye manufarsa ba: so yake yaro ya ƙaunaci Faransa har ya yarda ya mutu dominta. Littafin da aka rubuta da wannan niyya dole ya yi tankaɗe da rairaya.

Shi Ferry ɗin kuma shi ne babban mai tura Faransa cin ƙasashe. A Yulin 1885 ya miƙe a majalisa ya ce manyan jinsuna suna da haƙƙi a kan ƙananan jinsuna, domin nauyin wayar da su yana wuyansu. Bayan kwana biyu Georges Clemenceau ya mayar masa da martani mai zafi, ya ƙaryata zancen fifikon jinsi. Ke nan tun a lokacin akwai Faransawan da suka san abin da ake ciki, ba wai zamanin ne bai waye ba. Sai dai maganar Ferry ce ta shiga aji. Abin da yaro ya gani a littafi shi ne hoton Savorgnan de Brazza yana 'yanta bayi a Kongo, da likita, da layin dogo, da taswira mai launi da ke nuna faɗin daular.

Abin da bai gani ba, a ƙasar Hausa aka yi wani yanki nasa. A farkon 1899 wata runduna ta keto daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, wanda ubansa janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Rundunar ta yi nauyi da 'yan dako da matan da aka kamo, ga ƙarancin ruwa, sai ta koma ci da wuta da takobi. Duk garin da ya yi jinkirin kawo hatsi ko ya rufe ƙofa sai a ƙone shi. A Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta sun tare su a watan Afrilu. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau zuriyar garin ke ba da labarinsa; masu ƙididdiga sun saɓa tsakanin ɗaruruwa da dubbai. Tun kafin nan labarin ta'asar rundunar ya isa Paris ta wasiƙar da wani laftanar mai suna Péteau ya aika wa budurwarsa, aka turo kanar Klobb ya karɓe rundunar. Klobb bai buƙaci ɗan jagora ba, kufai da gawarwaki ne suka nuna masa hanya, har ya rubuta cewa ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a bishiya. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu baƙaƙe suka juya wa Voulet da Chanoine baki, suka kashe su. Kaburburansu na nan a Maijirgi.

A lura da abin da ya tayar da hankalin Paris: kisan kanar ɗaya farar fata. An yi bincike, aka jingina komai ga taɓin hankali da zafin ranar Afirka ke jawowa, aka rufe fayil. Ragowar rundunar kuwa ta ci gaba da tafiya, ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin, ta haɗu da wasu rundunoni biyu aka kashe Rabe a Kuseri a Afrilun 1900. Da yake Faransa ta samu ƙasar da take nema, nasarar ce ta shiga littafi, hanyar da aka bi aka bar ta a baya. Ɗan Nijar da ya shiga lakwal a zamanin mulkin mallaka, wannan tarihin aka karanta masa, a nesa kaɗan da inda aka kashe kakanninsa. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a shekarar da ta biyo.

Wannan salon na rufe fayil an maimaita shi. A Disamban 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, an buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi kuɗinsu bayan sun dawo daga yaƙin Hitila. Ranar 8 ga Mayun 1945, ranar da Turai ke murnar ƙarewar yaƙin, aka soma kisan dubban mutane a Setif da Gelma na Aljeriya. A 1947 aka soma murƙushe boren Madagaska. Yaron Faransa ya san 8 ga Mayu sarai, amma da fuska ɗaya.

Aljeriya ce ta fi wuyar ɓoyewa, kuma a kanta aka fi wahalar da harshe. Daga 1954 zuwa 1962 Faransa ta tura samari fiye da miliyan ɗaya fagen daga, amma a hukumance ba yaƙi ake yi ba, aikin tabbatar da doka da oda ne, tunda a takarda Aljeriya yanki ce ta Faransa, kuma ƙasa ba ta yaƙi da kanta. Littafin Henri Alleg na 1958, inda ya bayyana azabar da sojoji suka gana masa, hukuma ta ƙwace shi. Bayan yarjejeniyar Evian ta Maris 1962 aka jero dokokin afuwa, har zuwa 1968, waɗanda suka hana a gurfanar da kowa kan abin da ya faru. Inda kotu ba ta zauna ba, babu shaidar da aka ɗauka, kuma marubucin littafin makaranta ya samu hujjar yin gum. Ga kuma jama'a iri-iri da kowa ke da dalilinsa na ƙin tuna baya: tsofaffin sojoji, Turawan da suka baro Aljeriya su kusan miliyan, Aljeriyawan da suka yi wa Faransa soja aka watsar da su, da ma'aikata baƙi da ke tsoron kora.

Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru a tsakiyar Paris. Ranar 17 ga Oktoban 1961, Aljeriyawa dubbai suka fito zanga-zangar lumana kan dokar hana fitar dare da aka ƙaƙaba musu su kaɗai. 'Yan sanda ƙarƙashin Maurice Papon suka kama fiye da dubu goma, suka yi ta duka, suka jefa wasu a kogin Seine. Hukuma ta ce mutum uku suka mutu. Masana tarihi daga baya sun ƙirga gommai, wasu sun kai lissafin sama da ɗari. Papon ya ci gaba da hawa har ya zama ministan kasafin kuɗi a 1978. Wanda ya tono zancen ba farfesa ba ne, wani ma'aikacin kula da matasa ne, Jean-Luc Einaudi, da littafinsa na 1991. Ya ba da shaida a shari'ar da aka yi wa Papon a Bordeaux kan tura Yahudawa sansanonin mutuwa, Papon ya kai shi ƙara kan ɓata suna, ya kuma sha kaye a 1999. A shekarar ce, bayan shekara 37 da yarjejeniyar Evian, majalisa ta yarda a kira abin da aka yi a Aljeriya da sunan yaƙi. An dai shigar da shi manhajar ajin ƙarshe na sakandare tun 1983, amma a gaggauce, kuma a gurguje malamai da yawa ke wuce shi.

Daga nan ƙofa ta buɗe ta fuskoki biyu. A 2001 Christiane Taubira, 'yar majalisa daga Giyana, ta kawo dokar da ta ayyana cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama, ta kuma wajabta a ba shi gurbin da ya dace a makaranta. Kafin nan ana koya wa yara cewa Faransa ta soke bauta a 1848, ba kasafai ake gaya musu cewa ta taɓa sokewa a 1794 Napoleon ya maido da ita a 1802 ba, balle diyyar faran miliyan 150 da aka ɗora wa Haiti a 1825 don ta 'yanta kanta. Ɗaya ɓangaren bai yi barci ba. A dokar 23 ga Fabrairun 2005, wadda aka yi don karrama waɗanda suka baro Aljeriya, aka cusa sakin layi da ke umartar manhaja ta amince da alherin zaman Faransa a ƙasashen ƙetare, musamman Arewacin Afirka. Malaman tarihi irin su Claude Liauzu suka yi ca. Yarjejeniyar abota da ake shiryawa da Aljeriya ta wargaje. Dattijo Aimé Césaire ya ce ba zai karɓi minista Nicolas Sarkozy a Martinik ba, aka ɗage ziyarar. Duk wannan ana yi ne a shekarar da unguwannin baƙi na gefen birane suka kama da wuta. A farkon 2006 shugaba Jacques Chirac ya sa aka cire sakin layin.

Yanzu ga inda masu kukan kaffa-kaffa suke da gaskiya. Dokar Taubira ta ambaci cinikin bayi na tekun Atlantika da na tekun Indiya, ba ta ambaci na hamadar Sahara ko na cikin Afirka ba. A 2004 Olivier Pétré-Grenouilleau ya wallafa littafi da ya jera ukun gaba ɗaya, kuma bayan wata hira da ya yi da jarida wata ƙungiya ta kai shi kotu, kafin ta janye a 2006. Hakan ya sa manyan masana 19, cikinsu har da Pierre Nora da Pierre Vidal-Naquet wanda ya yi suna wajen tona asirin azabtarwa a Aljeriya, suka nemi majalisa ta cire hannunta daga rubuta tarihi kwata-kwata. Ina tare da su a nan. Malamin da ya tsallake ayarin bayi da ke ƙetara hamada don kada ɗalibansa Musulmi su ji kunya, ya raina hankalinsu ne, kuma laifinsa ɗaya da na wanda ya tsallake Setif. Mu ma da kasuwannin bayi suka ci a garuruwanmu, ba mu da bakin cewa a rufe wannan babi. Nijar sai a 2003 ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta.

Sai dai ba daidai ba ne a ce ma'aunin ya rinjaya ɓangaren baƙi. A manhajar 2008 an ba daulolin Afirka, Mali da Songhai da makamantansu, 'yan sa'o'i kaɗan a ƙaramar sakandare. Aka yi ta kururuwa a jaridu cewa an kori Louis na 14 da Napoleon don a faranta wa 'yan ci-rani, alhali dukansu biyu suna nan cikin manhaja. Da aka sake manhajar a 2016, daulolin Afirka ne suka fita. A ajin ƙarshe kuma, an ɗauki wasu shekaru ana bai wa malami zaɓi tsakanin yadda ake tuna yaƙin duniya na biyu da yadda ake tuna yaƙin Aljeriya, wato wanda ke gudun hayaniya a ajinsa yana da hanyar zillewa da izinin hukuma.

Abin da ya shiga littafi, matsin lamba ne ya shigar da shi. Shugaba François Hollande ya amince da kisan 17 ga Oktoba a 2012. Shugaba Emmanuel Macron ya amince a 2018 cewa sojojin Faransa ne suka azabtar da Maurice Audin suka kashe shi a lokacin yaƙin Aljeriya, ya karɓi rahoton Benjamin Stora kan yaƙin a 2021, sannan a 2024 ya kira abin da aka yi a Thiaroye kisan kiyashi. Aljeriya ta samu wannan ne domin jikokinta suna zaune a ajujuwan Faransa, iyayensu suna jefa ƙuri'a, kuma bayansu akwai gwamnati mai iskar gas. Senegal tana da gwamnatin da ta nace. Mutanen Ƙonni da Lugu da Tasawa ba su da ƙuri'a a Paris, shi ya sa akasarin Faransawa ke gama sakandare ba su taɓa jin sunan Voulet ba. Takardun mulkin mallaka suna ajiye a Aix-en-Provence, labarin baka yana wurin dattawan garuruwan da aka ƙona, kuma haɗa su biyun ya zama darasi aiki ne da ya rage wa masanan Yamai da Damagaram da Sakkwato.