Kamfanin Da Ya Tsare Bakin Kwara

A shekarar 1879 wani Bature mai suna George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila waɗanda ke ciniki a kogin Kwara, ya mai da su kamfani guda, babban ofishinsa yana London. Abin da su ke saye shi ne manja, da man kaɗanya, da hauren giwa. Dabarar Goldie kuwa ita ce, in masu saye sun yi yawa, kowa sai ya riƙa ƙara wa mai kaya kuɗi, riba ta ragu. Amma in mai saye ɗaya ne tak, abin da ya ga dama shi zai biya.

Da Faransawa suka shigo kogin suka kafa nasu kantuna, sai ya karya kuɗin hajarsa, ya yarda ya yi hasara don su ma su yi. Da ya ke ya fi su jari, su suka fara gajiya, a 1884 suka sayar masa da kantunansu suka tafi. A 1885 ya aiki Joseph Thomson wurin Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu, aka yi takardar alkawari. Su sarakunan sun ɗauka izinin ciniki suka ba baƙi, amma a London kamfanin ya ce an sallama masa mulkin bakin kogi.

A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, aka sa masa suna Royal Niger Company. Ya sami ikon kafa doka, da karɓar kuɗin fito, da ajiye soja da alƙalai. Cikin takardar nan an rubuta sarai ba a yarda ya hana kowa ciniki ba. Har wa yau a taron Balin na 1885 ƙasashen Turai sun yi alkawari Kwara hanyar kowa ce. To, amma an ba kura ajiyar nama, gama ɗan kasuwa shi aka naɗa sarkin kasuwa.

Kamfanin bai taɓa cewa ya hana ciniki ba, sharuɗɗa kurum ya kafa. Kowane jirgin baƙo sai ya tsaya Akasa, a bakin teku, a duba kayansa ya biya kuɗin fito. Baƙo ba shi ciniki sai ya yanki lasin na fam 50 a shekara, in kuwa zai sayar da barasa ya ƙara fam 100. Shi ma kamfanin yana biyan kuɗin fito, amma wa ya ke biya? Daga hannun dama ya ke ba na hagu. Abin da ya fi muni, baƙo a wurinsa shi ne duk wanda ba a haifa cikin ƙasar da ya ke mulki ba, ko da baƙar fata ne daga Ikko.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne mutanen Nembe, a ƙasar Baras. Ƙasarsu fadama ce ta ruwan gishiri, ba ta noma, tun kakanni da kwalekwale su ke hawa kogi su sayo manja da abinci. Yanzu aka ce su baƙi ne a kasuwannin iyayensu, wanda ya shiga ba lasin ɗan fasa-ƙwauri ne, a ƙwace kayansa, wani lokaci har a harbe shi. Suka yi ta kai kuka, ba a share musu hawaye ba. Cikin watan Janairu 1895 Sarkinsu Koko ya tara jiragen yaƙi, suka fāɗa wa Akasa, suka washe kantuna, suka kashe ma'aikata da dama. Sojan ruwa na Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Daga baya aka aiko Sir John Kirk ya bincika, ya tarar kukansu yana da tushe, duk da haka dokokin ba su sāke ba.

A ƙarshen 1899 Gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin, musamman don tana tsoron kada rikicinsa da Faransa a kan iyaka ya jawo yaƙi. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja. Kamfanin bai biya tara ko ta anini ba, shi aka biya fam 865,000, aka kuma ba shi rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa. Kantunansa suka ci gaba, har a 1929 suka shiga cikin United Africa Company, wanda ya daɗe yana sayen gyaɗa a Kano.

Irin wannan dabara ba ta mutu tare da Goldie ba, gama duk mai riƙe da hanya yana iya matse abokan gasarsa. A 1998 Gwamnatin Amurka ta kai ƙarar kamfanin Microsoft, ta ce Windows ita ce hanyar da kusan kowace kwamfuta ke bi, shi kuwa ya yi amfani da ita ya danne Netscape, mai manhajar shiga intanet. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 sabo da irin wannan laifi. Shi an sami alƙalin da ya tsawata masa. Mutanen Nembe kuwa, wanda su ke ƙara shi ne alƙali a kogin.